Harsasaina daga mazubi guda, amma nauyinsu ya bambanta

TAMBAYA: Malam, ni mafarauci ne, bindigar toka gare ni, gadon mahaifina. Ni nake zuba harsasaina da darma. Mazubi guda ne, amma wani in na harba ya tafi daidai, wani ya kauce. Na kai goma wurin maƙerin zinariya a unguwar Birni ta Damagaram ya auna mini, babu biyu da suka zo daidai. Laifin mazubin ne? Daga wani mai karatu a Mirriya.

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka yar da mazubinka, da wuya in laifinsa ne. Sanyinsa ne. Darma tana narkewa a digiri 327, in ta faɗa cikin mazubi mai sanyi sai ta daskare kafin ta cika kowane lungu. Harsashin ya fito da tamoji a jiki, ko da ramin iska a ciki wanda ido ba ya gani. Shi wannan mai ramin, gefe guda ya fi nauyi, shi ya sa yake kauce maka. Kawuna, wanda na yi wa zuga ina yaro a Zango, zubin farko goma sha biyar ko kallonsu ba ya yi, cikin tukunya yake mayar da su, sai ƙarfen ya ɗauki zafi sannan ya fara ƙirga. Kuma in ya zuba yakan bar ɗan tudun darma a bakin ramin, don tana tsukewa in tana hucewa, sai ta jawo daga tudun nan ta cike.

Sai ita darmar. Wadda ake tsinta a kasuwar Dole ta Damagaram gauraye take, wata da kuza a ciki, kuma kuza ba ta kai darma nauyi ba. Ka karce ta da farce: tsantsa takan yi shaida nan take. Ta batirin mota kuwa ka rabu da ita, hayaƙinta mugu ne.

Dunƙulen da ya kai milimita 12 da rabi yakan yi giram 11 da rabi. Ka auna duka, ka ware waɗanda suka taru wuri guda, marasa nauyin su koma wuta. Amma gaskiya, in bakin bindigarka sumul yake a ciki, kuma albarushi da tafin hannu kake auna shi, wannan ya fi ɗan bambancin giram ɓata maka saiti. Ka yi masa ma'auni guda.

Kada ka narka a tsakar gida, balle da tukunyar da uwargida za ta taɓa. Gubar darma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Ka fita fili, iska na bayanka, ka wanke hannu kafin ka ci abinci. Ludayi da mazubi su bushe ƙarau, don ɗigon ruwa guda in ya shige ƙarƙashin narkakkiyar darma, fuska take watsowa.