Tambaya da Amsa: In an ɗauke wuta, ina imel ɗinmu yake zuwa?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani ɗan ofis a Kano, sabar imel ɗinmu, wato kwamfutar da take karɓa da tura mana saƙonni, manhajar Postfix ce a kan tsarin Ubuntu, tana nan ƙarƙashin tebur na. To duk ranar da aka ɗauke wuta janareto kuma ya ƙi tashi sai oga ya hau ni da faɗa wai saƙonnin kwastomomi sun ɓace. Dan Allah ya zan yi wata sabar ta riƙa karɓa kafin tamu ta dawo?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka fara kwantar wa oga hankali, saƙon bai ɓace ba. In sabar mai aikowa ta ƙwanƙwasa taku ta ji shiru, ajiyewa take yi a layi ta riƙa dawowa, ƙa'idar tura imel (SMTP) ta 2008 wato takardar RFC 5321 ma cewa ta yi a jure kwana 4 zuwa 5 kafin a haƙura, shi kansa Postfix kwana 5 yake riƙewa in ba ka taɓa saitin ba. Rashin wuta na yini ɗaya latti kawai zai jawo.

Amma in dole sai ka yi ta biyun, a DNS aikin yake, wato kundin adireshin intanet. Ka sa MX guda biyu, wato bayanin da yake nuna sabar da za a kai wa imel ɗinku, ta ofis lamba 10, ta ko-ta-kwana lamba 20. Ƙaramar lamba ake fara nema, mutane da yawa nan suke juya abin. Kuma don Allah kar ka ajiye ta biyun kusa da ta farko, wuta ɗaya intanet ɗaya, tare za su mutu. Ka kama hayar 'yar saba a wani wajen.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne nan. 'Yan sifam, wato masu turo saƙonnin banza, da gangan suke tsallake lamba 10 su faɗa wa 20 don sun san galibi ba a tsare ta sosai. In ka sa relay_domains kawai ka tafi, wato saitin Postfix da yake ba ta damar karɓar saƙo a madadin ofishinku, za ta karɓi komai har saƙon sunayen da babu su a ofishinku, daga baya ta ofis ta ƙi karɓa, ita kuma ta koma tana mayar wa bayin Allah da ba su aiko komai ba tunda adireshin ƙarya aka sa, kafin ka ankara an jefa IP ɗinka, wato lambar adireshin sabar, a baƙin littafin 'yan sifam. Maganin shi ne relay_recipient_maps, ka ba ta sunayen ma'aikatanku duka, a ɗauki sabo ka ƙara, a sallami wani ka cire.

Saƙon da ku ke turawa kuma smtp_fallback_relay ne nashi, wato saitin da yake miƙa saƙon ga wata saba in taku ta kasa isar da shi, sai ka tuna ka saka waccan sabar a SPF ɗinku, wato jerin sabobin da kuka yarda su tura imel da sunanku.

Ni dai da ni ne, inbata da batir zan fara roƙon oga. Ta biyun ajiya kawai take yi, ma'aikata ba za su ga saƙon ba sai ta ƙarƙashin teburin nan naka ta tashi.