Tambaya da Amsa: Wane kifi zan saya a Kasuwar Dole?

Tambaya: Salamu alaikum Anti, ina gajiya. Maigidana ne likita ya ce ya rage jan nama saboda hawan jini, sai muka koma kifi. To rannan na soya kifin firigo, irin makaro ɗin nan, ba a yi awa ɗaya ba fuskar yarona ta yi ja, jikinshi sai ƙaiƙayi. Wallahi yanzu tsoro nake ji. Wane kifi ne mai daɗi da ba ya cutarwa? Daga wata uwargida, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara wa maigida da yaro lafiya. Wannan ya yi kama da kifin da ya daɗe ba sanyi. Makaro da danginshi in suka sha zafi wani sinadari ne ke taruwa cikin namansu, histamin ake ce mishi, kuma suya ba ta kashe shi ko da kin soya har ya ƙone. Ki tuna doguwar tafiyar da kifin nan ke yi daga bakin teku kafin ya iso mana, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga kuran yau akwai gobe babu, sai ya narke ya sake daskarewa, mai saidawa kuma ba zai faɗa miki ba. In kin ga cikin ya fashe, ko ruwan jini kwance a kwali, ko kin danna da yatsa gurbi ya tsaya, ki bar musu kayansu. Amma dai ki kai yaron likita, don akwai waɗanda jikinsu ne ba ya son kifi, in kuwa leɓe ya kumbura ko numfashi ya fara wahala kar a jira komai.

Ni dai in za ki ji tawa, tarwaɗa mai rai ta fi. Tana jure daɗewa cikin ɗan ruwa kaɗan, kina gani tana motsi a roba, a gabanki za a yanka. Karfasa irin ta tafkunan Gidimuni da Lasuri ma akwai daɗi, sai dai ƙaya, ki tsince wa yara. Ido ya zama garau, ki ɗaga murfin kunnen ki ga ciki ja ne, ba toka-toka ba. Giwan ruwa babba kuwa kifaye yake ci, shi ya sa ƙarfen makuri, wani ƙarfe mai guba, ya fi taruwa a jikin irinshi, mai ciki da ƙananan yara su ci jefi-jefi.

Banda ta wajen Difa ba a magana a miyar kuka, amma fa akwai marasa tsoron Allah da ke fesa mata maganin ƙwari don kar ta yi tsutsa. Ki sansana, hayaƙi ya kamata ki ji, in kin ji warin magani ki wuce. A jiƙa ta da ruwan zafi a zubar, busasshen kifi mai gishiri kuma ba na maigida ba ne.

Sannan don Allah a daina sayen 'yan ƙananan karfasa da tarwaɗa da ake kamowa da gidan sauro, ba su ko kai ga yin ƙwai ba. Tafkunanmu ruwan damina suke jira, wasu ma ƙafewa suke da rani, in dai muna saye masunta ba za su bari ba. Ki zaɓi wadda ta kai tafin hannu ko ta fi, ko ki nemi tarwaɗar kiwo.