Akwatin Tambayoyi: Faifan Yaran Obalende Da Ƙura Ta Rufe

Tambaya daga wani matashi mai ɗinki a Agege:

Salam Kawu, barka da aiki. Muna gyaran ɗakin marigayi babanmu sai na tarar da fayafayan garmaho a ƙasan akwatinsa, akwai na Shata da na Ɗan Maraya, amma a tsakiyarsu akwai wani an rubuta Ofege, Try and Love. Mamanmu ta ce tun suna zaune a Obalende yake sa shi. Ni dai ban taɓa jin sunan ba, wai su waye, kuma wace waƙa ce ta fi daɗi a ciki?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Wallahi da na karanta saƙonka sai da na ajiye wayar na yi shiru na ɗan lokaci, don wannan faifan na san shi kamar yunwar cikina, kuma ya fi shekara ashirin rabon da wani Bahaushe ya tambaye ni labarinsa.

Ofege yara ne 'yan makaranta, ɗaliban kwalejin St. Gregory's da ke nan Obalende, ba su ma gama sakandare ba suka shiga situdiyon kamfanin EMI aka naɗi faifan, ya fito a 1973. Ka duba lokacin fa, shekara uku kacal da gama yaƙin basasa, a shekarar aka fara kashe naira da kwabo, Gowon yana zaune a barikin Dodan wanda tsakaninsa da makarantar tasu tafiyar ƙafa ce. Mai jan baki a cikinsu shi ne Melvin Ukachi, wanda ya tsaya musu a situdiyo kuwa Odion Iruoje ne, mutumin da ya yi aiki da Fela a EMI ɗin. Shi ya ga yaran suna da waƙa a baki amma hannu bai gama nuna ba, sai ya kawo musu Berkley Jones na ƙungiyar BLO ya kaɗa musu babbar jita, shi ya sa idan kana ji za ka ji muryar yara a sama jitar babban mutum a ƙasa, kuma wannan haɗin shi ne sirrin faifan gaba ɗaya.

Kiɗan rok ne, amma ba irin mai ihu da fasa kunne ba. Irin wanda karin waƙar ke gaba ne, wanda za ka tsinci kanka kana rerawa kana kan keken ɗinki ba ka ma sani ba.

Waƙoƙi takwas ne a ciki. Tunda ka ce in zaɓa, ni tawa ita ce It's Not Easy, kuma ba na jin kunyar faɗa duk da ita ce kowa ke ambata. A hankali take tafiya, ba gaggawa, muryar yaron siririya kamar ta wanda bai daɗe da balaga ba, yana kukan cewa abin ba sauƙi, sai 'yan uwansa su karɓa masa a bayansa kamar 'yan amshi, kuma abin da ke kashe ni kullum shi ne yadda jitar ba ta katse shi, tana jira ya sauke numfashi sannan ta shigo ta ƙarasa maganar da ya kasa ƙarasawa. Na fara jinta a ɗakin wani yayan abokina a bayan tashar Obalende, ana gashin tsire a waje hayaƙi na shigowa ta taga, allurar garmahon ta tsufa har sai da ya ɗora kwabo a kanta don kar ta yi tsalle, muka zauna a tabarma mu huɗu babu mai cewa uffan har ta ƙare, ya sake ɗaga allurar ya mayar farko. Sau biyar a daren nan. Turancinmu a lokacin bai kai ya kawo ba amma babu wanda ya nemi a fassara masa.

Bayan ita sai Whizzy Ilabo, nan ne jitar ke sakin jiki sosai, tana kuka tana karkarwa, duk wanda ya san kiɗan Santana, shahararren makaɗin jitar rok na Amurka, zai ji inda yaran suka sha nono. Gbe Mi Lo kuma sunan Yarbanci ne, kamar ka ce ɗauke ni mu tafi, a nan ganga da jita ke da filin, ita ce ta rawa. Amma ka ga biyun ƙarshe, You Say No da Lead Me On, su ne nake jin haushin yadda ake tsallake su. Da yawa ana sa allura a It's Not Easy, tana ƙarewa a ɗage, ba a bari bayan faifan ya kai ƙarshe, alhali a nan ne za ka fi jin yarintarsu, soyayyar ɗan makaranta da bai san ɓoye-ɓoye ba. Don Allah ran da za ka ji, ka bar shi ya tafi har allurar ta kai tsakiya da kanta.

Kuma kar ka yi mamakin ganinsa kusa da Shata. Haka iyayenku suke a Legas, da safe kalangu da yamma jita, babu wanda ya ga wani abu a ciki.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Idi-Araba:

Kawu ina wuni. Na ji wata waƙar Ofege a YouTube sunanta Adieu amma na duba jerin Try and Love ban gan ta ba. Suna da wasu ɓoyayyun waƙoƙi ne? Sannan a wancan zamanin babu ɗan arewa ko ɗaya da ya yi irin wannan kiɗa da Hausa?

Amsa:

Lafiya lau Malama, kunnenki bai yaudare ki ba, tasu ce, sai dai ba a faifan farko take ba. Ofege ba su tsaya a ɗaya ba, bayan Try and Love sun fitar da The Last of the Origins, da Higher Plane Breeze, da How Do You Feel, duk kafin 1980, amma na farkon ya danne sauran har mutane suna zaton shi kaɗai suka yi. Ita Adieu ta sake fitowa duniya ne a 2008 lokacin da kamfanin Soundway na Ingila ya tattaro tsofaffin waƙoƙin rok na ƙasar nan a faifan da ya kira Nigeria Rock Special. Idan ɓoyayyu kike nema to ki nemi wannan, sannan ki nemi Wake Up You, kashi biyu ne da suka fito a 2016 tare da tarihin da Uchenna Ikonne ya rubuta, a ciki za ki ji ƙungiyoyin da wasunsu ƙaramin faifai ɗaya ko biyu suka yi suka watse. Abin da ke ci mini rai shi ne a Apapa aka naɗi da yawa daga cikin kayan nan, a situdiyon EMI da Paul McCartney, shahararren mawaƙin Ingila, da kansa ya zo a 1973 ya naɗi faifansa Band on the Run, wancan duniya ta haddace shi, namu kuma sai da aka zo daga waje aka tono mana su daga cikin ƙura.

Maganar Hausa kuwa akwai, ki nemi Bala Miller na Kaduna da waƙarsa Ikon Allah, tana cikin tarin Nigeria 70 da ya fito a 2001. Ba rok ba ce tsantsa, ta fi karkata ga kiɗan ƙahoni da rawa, amma babbar ƙungiya ce da kayan kiɗan zamani kuma da harshenmu. Ki sa wa ɗalibanki ita ki ga fuskarsu.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Mile 12:

Ina da irin faifan nan na Ofege guda uku duk sun yi datti, wani ya ce zai saya, in sayar?

Amsa:

Alhaji kar ka yi gaggawa. Bugun asali na EMI masu tara fayafayai a Turai da Amurka nemansa suke ido rufe, don ma an sake buga Try and Love a Amurka a 2009 bai sa sun daina neman na farkon ba, to wanda ya zo maka da sauri ya san abin da ya gani. Ka fara wanke su tukuna, ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi, ka bi zagayen layin ba ka gicciye shi ba, kar ruwa ya taɓa takardar tsakiya, kar ka shanya a rana don zai lanƙwashe ya tashi aiki, kuma ka jingine su a tsaye ba a kwance ba saboda zafin Legas. Kwalin ma ka adana ko ya yage, da shi ake kuɗin. Ka leƙa Jazzhole a titin Awolowo da ke Ikoyi ka ga yadda ake jera irinsu, ka tambayi mutum biyu uku kafin ka yanke farashi. In ni ne kuma, biyu zan sayar in bar ɗaya a gida, in samo mai garmaho ya sa wa yara ko sau ɗaya ne.