Dillali ya ce in na sayi gida a Mauritius za a ba ni fasfo: gaskiya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina fitar da riɗi da ƙaro zuwa waje. Yadda naira ke narkewa a hannu ya sa nake son ajiye wani abu a wata ƙasa. Wani dillali ya turo min hotunan gidaje a tsibirin Mauritius, ya ce in na sayi ɗaya, cikin wata shida ni da iyalina za mu samu fasfon ƙasar. Ya ce in tura kafin alƙalami dala 40,000 kafin ƙarshen wata, in ba haka ba za a rufe tsarin. Hankalina bai kwanta ba. Akwai tsaro a can? Musulmi zai iya zama da addininsa? Matana biyu, 'ya'ya bakwai. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka tura ko sisi. Zan zo kan dalili, amma bari in fara sallamar tambayoyinka masu sauƙi.

Ƙasar kam ta ƙwarai ce. Tana cikin tekun Indiya, gabas da Madagaska, girmanta murabba'in kilomita 2,040, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na jihar Kano, mutanenta kuma miliyan 1.2 da ɗoriya. Tun da ta samu 'yanci daga Birtaniya a 1968 ba a taɓa juyin mulki ba, hasali ma ba ta da rundunar soja ta dindindin. A zaɓen Nuwamba 2024 'yan adawa ƙarƙashin Navin Ramgoolam suka lashe kujeru 60 cikin 62, mai mulki ya sauka lami lafiya. Abin da ya fi jan hankalin masu zuba jari shi ne shari'a: in rigimar kasuwanci ta yi nisa, ɗaukaka ƙara ta ƙarshe har gobe a Landan ake yin ta.

Addini ba zai ba ka wahala ba. Kusan mutum ɗaya cikin shida Musulmi ne, yawancinsu jikokin 'yan ƙodago da 'yan kasuwar da suka zo daga Indiya a ƙarni na 19, kuma mazhabar Hanafiyya ta fi yawa. Babban masallacin Juma'a na Port Louis yana nan tun shekarun 1850, unguwar Plaine Verte ta Musulmi ce, naman halal ba a nemansa da fitila, ƙaramar Sallah kuma ranar hutu ce ta ƙasa. Takardun gwamnati da Turanci ake yi, jaridu da Faransanci, a kasuwa kuwa Kiriyol ake ji, yaren da ya samo asali daga Faransanci, shi ya sa mutumin Maraɗi zai fi ka saurin sajewa. Rayuwa tana da tsada, domin fetur da mafi yawan abinci jirgin ruwa ke kawowa. Daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin guguwar teku ne, wadda aka kira Belal ta cika titunan Port Louis da ruwa a Janairun 2024. Da rani ana yanke ruwan famfo a wasu unguwanni, miyagun ƙwayoyi sun addabi matasa, kuma babu jirgi kai tsaye daga Najeriya, sai ka bi ta irin su Nairobi, Johannesburg ko Dubai.

To, sai maganar fasfo, wadda na gaji da maimaitawa. Mauritius ba ta sayar da fasfo ga mai sayen gida. Ba ta yi jiya ba, ba ta yi yau. Abin da doka ta tanada shi ne: baƙon da ya sayi gida na dala 375,000 ko fiye, a cikin rukunin gidajen da hukumar bunƙasa tattalin arziki ta EDB ta amince a sayar wa baƙi, yana samun izinin zama. Izinin zama, Alhaji. Takarda ce da ke cewa an yarda ka zauna, ka yi kasuwanci, da kai da matarka da 'ya'yanka 'yan ƙasa da shekara 24. Tana rataye ne a wuyan gidan: ranar da ka sayar, ranar ta faɗi. Ba za ka shiga Faransa da ita ba. In ka tashi zuwa Turai, koren fasfonka ɗin nan za ka ɗauka ka je ka bi layin biza kamar kowa.

Dillalan nan sun san bambancin sarai, da gangan suke cakuɗawa. Kuma na san inda suka samo tsumman da suke kaɗa wa mutane. A jawabin kasafin kuɗi na 2018 gwamnatin lokacin ta ambaci shirin ba da ɗan ƙasanci ga wanda ya zuba dala miliyan ɗaya, fasfo kuma ga mai dala 500,000. 'Yan ƙasa suka yi ca, shirin bai taɓa fara aiki ba. Amma labaran jaridun wancan lokaci suna nan a intanet, sai mutum ya ɗauko hotonsu, ya yanke kwanan wata, ya turo maka ta WhatsApp da murya mai daɗi. Wani kuma zai nuna maka sashen dokar ɗan ƙasanci da ya sassauta wa babban mai zuba jari yawan shekarun zama. Sashen yana nan, amma karanta shi da kyau: sai ka zauna a ƙasar da jikinka, kuma ko ka cika kowane sharaɗi, Firayim Minista ne ke da wuƙa da nama, in ya ga dama ya ƙi. Ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar Kwamanwel, irin Najeriya, hanyar da aka saba ita ce ya yi shekara biyar yana zaune kafin ya nema. Ya nema, na ce, ba a ba shi ba. To ta ina wata shida ya fito?

Akwai ƙasashen da ke sayar da fasfo a fili, irin su Dominika da Saint Kitts a yankin Karibiyan, da Vanuatu. Ko su ɗin ka duba yadda ta kaya. Birtaniya ta ƙaƙaba wa masu fasfon Dominika da Vanuatu biza a Yulin 2023, Tarayyar Turai ma ta rufe wa Vanuatu ƙofar shiga ba biza. Maƙwabciyar Mauritius, wato Komoros, ta taɓa yin wannan ciniki, ƙarshenta a 2022 aka yanke wa tsohon shugabanta Ahmed Abdallah Sambi ɗaurin rai da rai. Ita Mauritius da sunanta take cin abinci. An saka ta a jerin ƙasashen da ake sa wa ido kan halasta kuɗin haram a Fabrairun 2020, ta sha wuya kafin a cire ta a Oktoban 2021. Ƙasar da ta ga wannan ba za ta bar wani mai waya biyu ya riƙa raba fasfonta ba.

Abin da ke ba ni haushi, mutanen da ake damfara ba wawaye ba ne. Mutumin da ba zai karɓi buhun riɗi ba sai ya soka bututu ya ga abin da ke ciki, shi ne zai tura dala dubu arba'in saboda hoton gida da ruwan wanka a gabansa. Kalmar fasfo kawai ke ɗauke wa mutane lissafi. Wa'adin ƙarshen wata kuwa tsohuwar dabara ce, don kada ka samu sukunin tambaya. A can, kuɗin gida ba ya shiga asusun dillali. Yana zuwa hannun lauyan da doka ta ba ikon rubuta takardar mallaka, kuma ciniki ba ya kammala sai EDB ta ba da izini da sunanka. In gidan ba a gama gina shi ba, dole mai ginin ya nuna lamunin banki na cewa za a kammala. Duk wanda ya ce ka tsallake waɗannan don a yi sauri, ka toshe lambarsa.

Batun matanka biyu ma dillalin bai taɓo ba, na tabbata. Dokar auren gwamnati a can mace ɗaya ta sani. Kafin ka kashe kwabo, ka sa lauya mai rajista a ƙasar ya amsa maka a rubuce yadda za a yi da ta biyun da 'ya'yanta.

In jari ne damuwarka ba fasfo ba, ƙofar ta fi araha: akwai izinin zama na mai zuba jari da ke farawa daga dala 50,000 a kamfanin da kai za ka gudanar. Sai dai ka sani kasuwar cikin gida ƙarama ce, mutum miliyan ɗaya da ɗoriya ba za su cinye maka riɗi ba. Amfanin ƙasar shi ne ta zama mazaunin kamfanin da ke ciniki da waje, harajin kamfani kashi 15 cikin 100, ga yarjejeniyar ciniki da Sin da Indiya tun 2021. Amma ba wurin ɓoye kuɗi ba ce. Ita da Najeriya duka suna cikin tsarin musayar bayanan asusun banki, kuma bankinsu zai tambaye ka asalin kowace dala. Kuɗin da aka haɗa a Wapa ba takarda, ko na halal ne, ba za su karɓa ba.

Sharuɗɗan nan suna sauyawa kusan duk kasafin kuɗi na watan Yuni, saboda haka ka tabbatar da adadin daga EDB kanta. Ka tattara takardun fitar da kayanka da bayanan banki na 'yan shekarun nan, ka je ka yi mako biyu a can, ka kama haya, ka zaga makarantun yara ka ji kuɗinsu. Shi kuma dillalin, ka ce ya turo sunan rukunin gidajen, da takardar amincewar EDB, da sunan lauyan da zai riƙe kuɗin.