Wace mota ta hannu zan saya da ɗan kuɗina?

Ɗan'uwa, ka ce kuɗinka kaɗan ne, kuma kana son motar da ba za ta riƙa kwana a gareji ba. Ni dai Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 zan nuna maka. Ba ta shan mai sosai, kayan gyaranta birjik a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Kada ƙyallin fenti ya ruɗe ka. Je da bakanikenka, ba na dillali ba, da sassafe a tayar da injin yana sanyi. In ka ga shuɗin hayaki, baƙin mai yake ƙonawa, haƙura da ita. Tuƙa ka ji shigar giya, ka tabbatar lambar shasi ta dace da takardar kwastan. Ka ware kuɗin sayen taya da batir.