Muryar Kawu kan titin Djibo Bakary na Yamai

Salamu alaikum jama'ar gida. To ɗana, na ji muryarka, kana cewa wai canza sunan titi a Yamai ba ya rage kuɗin buhun shinkafa. Gaskiya ne ba ya ragewa, ba wanda ya ce yana ragewa. Amma ni abin da na fahimta kake tambaya a zahiri shi ne waye ma wannan Djibo Bakary ɗin da har za a cire sunan Janar De Gaulle a sa nasa, kuma wallahi wannan ne ya dame ni, a ce yaro ya gama lakkwal bai san shi ba.

Ka ga titin nan na tsakiyar birni, shekara da shekaru sunan De Gaulle yake ɗauke da shi, sai a watan Oktoba na 2024 sojoji suka mayar da shi Avenue Djibo Bakary, rana ɗaya da aka mayar da dandalin Francophonie dandalin AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel. To me ya sa shi? A 1958 De Gaulle, mai riƙe da gwamnatin Faransa lokacin, ya kawo ƙuri'ar raba gardama, 28 ga Satumba, ko ku ce i ku zauna ƙarƙashin Faransa ko ku ce a'a ku tafi. Djibo lokacin shi ke riƙe da gwamnatin Nijar, kafin nan ma shi ne magajin garin Yamai na farko, ya tashi ya ce a'a, shi da Seku Ture na Gini. Na Gini ya ci, namu ya faɗi, don an turo sabon gwamna daga Faransa an haɗa kai da sarakuna an murƙushe shi. A 1959 aka haramta jam'iyyarsa Sawaba, ya yi gudun hijira Gana da Gini, bai dawo ba sai 1974 bayan juyin mulkin Kunce, kuma da ya dawo ɗin ma kurkuku aka kai shi.

Babanmu, wato kakanka, ɗan Sawaba ne na ƙin ƙarawa, mai raƙumi, don raƙumi ne alamarsu, su RDA, jam'iyyar Diori Hamani, giwa. Fataucin goro yake tsakanin Maraɗi da Kano, can ma 'yan NEPU sawaba suke kira, baki ɗaya ne. An zo da dare an tafi da shi, wata bakwai, a'a tsaya, inna cewa take wata tara, ya dawo ƙafa ta lalace, har ya rasu da sanda yake tafiya. A gidanmu ko kalmar sawaba ba a furtawa da ƙarfi, kalmar Hausa fa, sai a ce yi shiru bango na da kunne. Ni na yi firamare na gama ba malamin da ya taɓa ambatar Djibo, ko sau ɗaya, amma kogunan Faransa mun haddace su tsaf.

Ban ce Sawaba ba ta da nata laifin ba, an ɗauki makami a 1964, an jefa wa shugaban ƙasa Diori gurneti a filin idi a 1965, mutane sun mutu, wannan wata magana ce, a bar ta yanzu.

Batun da ka kawo na cewa mai taksi ba ya aiki da sunan titi, na yarda, a Yamai Katako ake cewa, Wadata, Gadar Kennedy. Amma ranar da na ga hoton allon sabon sunan titin a waya sai da na kira gwaggonka a Maraɗi na karanta mata, ta yi shiru can ta ce da Baba na da rai da ya sa an kai shi ya taɓa shi da hannunsa.