Amsa kan tsohuwar jitar nan mai tudun fuska

Salamu alaikum. Ƙanena, na saurari saƙonka, wai ko kuɗin da ɗan gwanjo ya yanka maka a Sabon Gari ya yi yawa. Ajiye maganar kuɗi tukuna, ka fara duba ko za ta kaɗu ma. Wannan mai tudun fuska da ramuka biyu dogaye ita ake kira archtop. Ba kowacce ce ƙirar kamfanin Gibson ba fa. Höfner da Framus na Jamus, Harmony da Kay na Amurka, sun yi su da yawa a shekarun 1950 da 1960, wasu masu araha ne tun asali.

Wuya za ka fara dubawa. Auna tsakanin tsirkiya da ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke gicciye kan wuyan, in ka ƙirgo daga wajen kai, milimita 2 zuwa 2 da rabi ya isa. In ya kai 4 alhali an sauke jakin, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa a kan fuskar, har ƙasa, to wuyan ya taso, sai an cire shi an sake dasawa, kuma wannan ba aikin kafintan ƙauye ba ne. Wasu tsofaffin ma ba su da sandar ƙarfen da ake juyawa a miƙe wuyan. Sai ka haska tocila ta ramin, ka zura ƙaramin madubi, ka ga ko katakon da ya tallafe fuskar ya saki. In fuskar ta lotsa ƙarƙashin jaki, bar musu kayansu.

Jakin nan kuwa, don Allah jama'a, ba a manna shi! Matsin tsirkiya ne kawai ke riƙe da shi. Mutum sai ya kwance tsirkiya shida gaba ɗaya, jaki ya faɗo, ya ce ya karye, ya ɗauko sufa gulu. Shi kenan an kashe ta, ba sauran matsar da shi a daidaita sauti, ranar cirewa kuma da fenti zai taho. Ɗaya bayan ɗaya ake canza tsirkiya. In ya riga ya goce, auna daga farkon wuya ta wajen kai zuwa ƙarfe na 12, ka sake auna daidai wannan tsawon daga ƙarfe na 12 zuwa gaba, nan ne mazauninsa, ka ɗan ƙara milimita biyu haka.

Af, na manta babban abin, hunturu. Katakon yana son laima wajen kashi 45 zuwa 55, mu kuwa nan Ringim a Janairu tana faɗuwa ƙasa da 20, sai ka wayi gari fuska ta tsage. Huda gidan sabulu, ka sa jiƙaƙƙen soso a ciki, a'a, matsattse nake nufi, kada ya ɗiga, ka rufe su tare cikin akwatinta. Kada ka rataye ta kusa da rufin kwano, zafi na sassauta tsohon gam.

Robar nan ta gefen tsirkiya, in ta fara farfashewa ƙarafan kusa da ita suna yin kore, cire ta ka ajiye daban. Turo min hoton bayan wuyan, inda ya haɗu da jiki, sannan mu yi maganar kuɗin.